Maiwa a Falon Alhaji

Ranar da aka rushe gidan Malam Nababa ba wanda ya yi kuka. Har guɗa wata ta rangaɗa, don an ce rushewar ci gaba ce. Babban ɗansa Dallatu yana tsaye a kan tarin ƙasa, waya a kunne, yana nuna wa leburori inda za su sa diga. Shi kuwa tsohon muna zaune da shi a gindin tsamiya, ya rungume ɗan damin maiwa kamar mai jego da jariri.

Sunan garinmu Tsamiyar Mangala, a kan hanyar Minjibir. Amma in ka zo yau kana cigiyar wannan suna, ɗan acaɓa cewa zai yi bai san wurin ba, sai ka ce masa Sabuwar Dubai. Dillalan filaye ne suka raɗa mana, ba rago ba goro. Birni ya taho da rarrafe kamar gara, yana cin gonaki ɗaya bayan ɗaya. A shekarun nan da kwanon gero ya gagari magidanci, mutum sai ya yanka gonarsa filoti-filoti ya sayar, ya ɗauki kuɗin ya je kasuwa ya sayo geron da gonar take ba shi a da. Dallatu, da masaƙar da yake wa aiki a birni ta rufe, ya dawo gida ya zama dillali. Da gonar ubansa ya fara. Da ta ƙare ya juyo kan gidan, tunda a bakin titi yake.

Ya zo ya tsuguna a gabanmu ya ce, "Baba, haƙuri za ka ɗan yi. Kafin ruwa ya sauka na gama maka ɗaki na bulo, da fanka, da banɗaki a ciki. Ka daina fita da buta."

Tsohon ya ce, "To kafin nan a ina zan shimfiɗa buzuna?"

"Akwai wani gida can, sabo fil. Ba wanda ya taɓa kwana a ciki."

Bai yi ƙarya ba. Ba wanda ya taɓa kwana a ciki saboda ba rufi. Kango ne na wani Alhaji Muntaka, ɗan kasuwar atamfa a birni. An kai ginin linta kuɗi suka tsaya. Alhajin ya ce wa Dallatu ya nemo masa mai gadi, kada a kwashe masa rodi da siminti. Dallatu ya duba gabas ya duba yamma, bai ga mai gadin da ya fi ubansa araha ba. Ya jera kwanon rufi biyu a kan ɗan sito, ya kai tsohon da buzunsa da butarsa da damin maiwarsa. Abin da Alhaji ke bayarwa na gadi kuwa, aljihun Dallatu ya san inda yake kwana.

Mai karatu zai ce, to shi Alhajin bai san uban dillalinsa ba ne? Ina zai sani? Irin waɗannan ba sa sauka daga mota su gaisa da irinmu. Kuma Malam Nababa mutumin da ne, yana kunyar ɗan fari. Tunda aka haifi Dallatu bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa cewa ɗana a gaban mutane ba, sai dai yaron nan. Ina wurin ranar da Alhaji Muntaka ya sauke gilashin mota ya ce, "Baba mai gadi, kai ɗan garin nan ne?"

"Nan aka binne cibiyata."

"Dallatu fa, ka san shi? Mutumin kirki ne?"

Tsohon ya sunkuyar da kai ya ce, "Na san shi. Ɗan unguwa ne."

Gilashi ya koma sama. Kunyar da iyayenmu suka bar mana don girmama haihuwa, ita Dallatu ya samu ya yi bargo da ita.

Ruwa ya sauka, ɗakin bulo bai sauka ba. Washegarin ruwan shuka na je duba shi, na tarar da shi tsaye a tsakiyar falon Alhaji da sungumi a hannu.

Na ce, "Nababa, lafiya?"

Ya ce, "Badaru, ka san inda aka kawo ni kuwa? Tsakiyar gonata ce. Daidai falon nan nake juye takin jakuna tun ina saurayi. Ɗebi ka sansana. Ba a yi daɓe ba, sama a buɗe take, ga katanga ta tare awaki. Ka taɓa ganin gona mai shinge irin wannan?"

"Gidan mutane ne fa."

"Gidan nasu ne. Ƙasar ba ta sani ba tukuna."

Falo ya sa maiwa, ya ce ita ce babbar baƙuwa. Ɗakin maigida ya sa wake. Kicin ya sa kuɓewa, ya ce dama can za ta ƙare. Banɗaki kaɗai ya bari, wai sai masu gida sun tare sun gyara masa ƙasar.

Kada a ɗauki maiwar nan da wasa. Irin ubansa ce, fara, mai dogon kai, wadda in an yi fura da ita ko nono bai ji ba sai ka nemi ƙari. A duk ƙasarmu shi kaɗai ya rage da ita. Damina ɗaya ta riga ta wuce ta a rataye, shekarar da aka sayar da gona, kuma iri in ya daɗe a rataye mutuwa yake. Don haka duk abin da ke damin ya sussuka ya zuba a ƙasa. In ta kai kaka, irin ya tsira. In ba ta kai ba, shi ke nan, na gaba ya yi gaba, na baya sai labari.

Maiwa ta fito kore shar. Da Dallatu ya gani ya fara faɗa, sai kuma ya yi shiru, idonsa ya yi irin na kura ta ga akuya. Tun daga ranar duk mai neman fili sai ya kawo shi ƙofar falon ya ce, "Alhaji, dubi albarkar ƙasa. Wannan fa falo ne. Ina ga tsakar gida?" Da maiwar tsohon ya sayar da filaye har bakin rafi, har da inda ruwa ke kwanciya.

Maiwar ta kai gwiwa sai Alhaji Muntaka ya samu kuɗin rufi. Ya zo da uwargidansa ya nuna mata inda za a sa kujeru. Suka shiga, ta ja da baya tana salati.

"Dallatu! Wa ya yi mini noma a falo?"

Dallatu ko gezau. Ya ce, "Ai gwajin ƙasa ne, Alhaji. Yanzu haka injiniyoyi suke yi. In shuka ta tsaya, gini zai tsaya. Ban ma sa maka a lissafi ba."

Alhaji ya yi godiya, ya ce gobe a zo a zuba daɓe.

Da yamma Dallatu ya dawo wurin uban. "Baba, na samo maka wanda ya fi wannan. Mai bene."

"Benen da rufi?"

"Ba a kai nan ba. Amma akwai iska."

"Ɗakin nawa fa?"

"Siminti ya tashi, Baba. Ba ka jin rediyo?"

Allah ya sa maiwa tana karɓar dashe. Muka ari baro, muka tumɓuke ta da saiwarta, tsofaffi biyu muna turawa muna hutawa, matasa a bakin shago suna ta dariya suna cewa ga gona ta yi ƙaura. Wake da kuɓewa kuwa siminti ya rufe su da ransu.

Kango na biyu na wata Hajiya Furera ne, mai sayar da kayan ɗaki. Nan an riga an yi ciko da ɓaraguzai, sai wani ɗan zirin ƙasa a jikin katanga. Rabin maiwar bai tashi ba. Sannan aikin gadi ya haihu, aka ce mai gadi shi ke ba sabon bulo ruwa kowace safiya. Tsoho mai shekaru kamar nawa ya riƙa jan guga, bulo ya sha, maiwa ta sha, shi ya sha abin da ya rage. Ƙafafunsa suka fara kumbura, tari ya kama shi saboda feshin ruwa da ke shiga ta ƙarƙashin kwano.

Abinci ma ya zama labari. Bilki matar Dallatu takan ba ɗan acaɓa kwanon tuwo ta ce a kai wa Baba a kango. To kango nawa ne a Sabuwar Dubai? Ɗan acaɓa ya tsaya a na farko da ya gani ya ce ina Baba, birkiloli su ce kawo, yana bayan gida. Sai da birkilolin wani layi suka yi ƙiba, har suka fara aika wa Bilki cewa gishiri ya yi yawa.

Labari ya kai wa Hure, ƙanwar Dallatu da ke aure a Ɗambatta. Ta hau mota ta zo, ta tarar da uban yana tari a kan buhun siminti. Ko mayafi ba ta gyara ba ta wuce rumfar dillalai.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Uban da ya haife ka ne yake gadin bulo?"

Dallatu ya ce, "Ke Hure, rage murya, akwai baƙi. Wane gadi? Zama yake. Likita ma cewa yake tsoho ya riƙa motsa jiki. A birni kuɗi ake biya a je a ɗaga ƙarfe, shi nasa kyauta."

"Ruwa na dukansa!"

"Shekara nawa ruwa na dukansa a gona, kin taɓa zuwa ƙara? Ke tunda aka kai ki Ɗambatta ɗaki ɗaya kike. Baba bana kaɗai gidan Alhaji ya zauna, ga shi a na Hajiya. Wa ya samu haka a sa'o'insa?"

Ta koma wurin tsohon ta ce ya tashi su tafi Ɗambatta. Ya ce, "In tare a gidan suruki, ina da rai? Kuma wa zan bar wa maiwa?"

"To mu je wurin mai unguwa ka kai ƙara."

Ya ce, "In ya ce ƙarar wa na kawo, da wane baki zan faɗi sunan?"

Ta bar masa bargo da man zafi, ta hau mota tana share ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, in ji mutane. To wannan ko ɗakin ba shi da shi, yoyon kaɗai aka bar masa.

Maiwa ta kai ƙugu, Hajiya Furera ta aiko a haƙa ramin salga, kuma ba inda aka zaɓa sai zirin nan na jikin katanga. Dallatu ya zo da albishir ɗin gida na uku, na wani Alhaji Ja'afaru mai gidan burodi.

"Wannan Baba har daɓe an yi. Ba ƙura, ba kunama."

Ba ƙasa ke nan. Kuma maiwar da ta kai ƙugu ba a tumɓuke ta a dasa. Na ce masa, "Nababa, haƙura. Abin da ya gagari hannu a bar wa Allah." Ya bi juji ya tsinto bokitan fenti da aka zubar, ya huda gindinsu da ƙusa, ya haƙo kowane gindin maiwa da ƙasarsa ya dasa a ciki. Wadda ta yarda ta yarda, wadda ta ƙi ta bushe. Abin da ya rage bai wuce a ɗauka a baro sahu biyu ba.

A gidan Alhaji Ja'afaru katanga ta yi tsawo, rana ba ta zama wuri ɗaya. Da safe tana ɗakin yamma, da azahar tana falo, da la'asar ta koma kicin. Haka tsohon nan yake yini yana jan bokitai daga ɗaki zuwa ɗaki, da kumburarriyar ƙafa, yana bin rana kamar mai bin bashi. In na je sai in tsaya a ƙofa in yi sallama in ce, "Masu gida suna ina?" Ya amsa daga can ciki, "Muna kicin, shigo."

Ana haka gidan Dallatu ya kammala, a daidai inda gidan ubansa yake a da. Shaguna a gaba, ƙofar ƙarfe mai zanen dawisu, tsakar gida an shafe ta da siminti ko tsinke ba zai tsiro ba. Ya sa ranar walima, ya gayyaci duk wanda ya taɓa sayen fili a hannunsa. Uban kuwa aka ce a bari sai hayaniya ta lafa, wai taro yana sa masa ciwon kai.

Aka kafa rumfa, aka jera kujeru, motoci suka cika titi. Aka ce Liman ya buɗe da addu'a. Limaminmu tsoho ne, kuma ba ya gani sosai, amma abin da yake son gani yana ganinsa. Ya waiwaya dama da hagu ya ce, "Ina Malam Nababa?"

Dallatu ya raɗa masa, "Yana hutawa, Allah gafarta Malam."

"To mu ma mu huta har ya zo."

Ya naɗe hannu ya jingina. Shinkafa tana hucewa, manyan mutane suna duba agogo. Dole Dallatu ya tura mai adaidaita sahu.

Rana dubu ta ɓarawo. Can sai ga adaidaita ta taho a hankali, karan maiwa sun leƙo ta dama sun leƙo ta hagu, sun fara fitar da kai, suna rausaya kamar 'yan rakiyar amarya. Tsohon ya ƙi barin su, ya ce awaki ba su san walima ba. Ya sauko da rigarsa mai shatin siminti, ya fara sauke bokitai a bakin ƙofa mai dawisu.

Alhaji Muntaka ya miƙe. "A'a, Baba mai gadi! Wa ka bar mini a gida?"

Alhaji Ja'afaru ya juyo. "Wane gida? Wannan ai mai gadina ne."

"Naka kamar yaya? Tun bazara yake wurina. Wancan satin ma na ba Dallatu na watan nan."

Daidai nan Hajiya Furera ta fito daga motarta za ta shiga wurin mata. Ta tsaya ta ce, "Sannu Baba, ya aikin? Dallatu ya kyauta da ya gayyato mini kai. Wannan wace irin fulawa ce? A ajiye mini bokiti ɗaya."

Alhazan biyu suka haɗa baki, "Ke ma naki ne?"

Ashe tsoho ɗaya yake gadin gida uku a bakin Dallatu, yana kwana a ɗaya, biyu kuwa Allah ke gadinsu. Musu ya kaure, kowa na cewa shi ya riga. Har Alhaji Ja'afaru ya kama hannun rigar tsohon ta nan, Alhaji Muntaka ya kama ta can. Sai Liman ya yi gyaran murya.

"Ku sake shi haka. Malam Nababa, matso ka sa wa gidan ɗanka albarka."

Aka ji cokali ya faɗi a wurin mata.

Alhaji Muntaka ya ce, "Ɗan wa?"

Liman ya ce, "Ɗansa na fari. Ni na raɗa masa suna, a nan inda motarka take tsaye."

Hannaye suka saki riga. Hajiya Furera ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi. Ni na sa uban mutum jan guga?" Alhaji Muntaka ya dubi tsohon ya ce, "Baba, ba kai ka ce mini ɗan unguwa ne ba?"

Tsohon ya ce, "Ai a unguwar yake."

Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Dallatu ya fashe da wata dariya wadda ba ta da 'yan'uwa. "Kun ga irin Baba ke nan! Shi ya matsa mini. Mutum ne da ba ya iya zama haka kawai. Kuɗin kuwa tara masa nake, Hajji nake so in kai shi, so nake ya ji kwatsam. Yanzu kun ɓata mini shiri. Ɗakinsa ma ga shi can, wanda ya fi kowane. Kai, ku kawo kayan Baba!"

Bai jira kowa ba. Da sabuwar shaddarsa ya rungumi bokitin fenti, laka na zuba a gabansa, ya yi ciki, ya dawo ya ɗauki wani. Aka ba tsohon abin magana ya yi addu'a. Kowa ya kasa kunne a ji ko zai fasa ƙwai. Ya ce, "Allah ya sanya alheri. Allah ya sa mai gidan nan ya daɗe a cikinsa, ba a ce masa tashi ba." Muka ce amin. Ta Dallatu ta fi ta kowa ƙarfi.

Da a tatsuniya ne da nan zan tsaya. Amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Ɗakin da gaske mai kyau ne. Tayil, fanka, labule mai kauri, taga mai baƙin gilashi. Aka jera bokitan maiwa a gefen gado, kawunansu na gogar silin. Washegari tsohon ya fara jan su waje, Dallatu ya tare ƙofa.

"Haba Baba. Yanzu idon duniya a kanmu yake. In aka ƙara ganinka da bokiti a waje cewa za a yi ban daddara ba."

"Bunni take yi, za ta ɗauki ido. Tana son rana da iska."

"Ga fanka nan. Ga ƙwan lantarki, ya fi rana haske."

Bilki kuma ta ce ruwan laka yana ɓata mata tsakar gida, in baƙi sun zo sai su ga kamar ƙauye. Ƙofar waje aka riƙa kulle ta da kwaɗo, wai saboda ɓarayi. Na je gaishe shi na tarar da shi a bakin gado, an sa masa sabuwar riga, fanka na kaɗawa, shi da maiwar duk sun yi rawaya. Ruwa bai kashe ta ba, ɓaraguzai ba su kashe ta ba, ƙaura uku ba ta kashe ta ba. Rufi ne zai kashe ta.

Ya ce, "Badaru, baron nan yana nan?"

Ranar da Dallatu ya tafi Kunci ganin wata gona, Bilki ta shiga maƙwabta ta manta ba ta sa kwaɗo ba, muka fito da bokitan. Da Dallatu ya dawo bai nemi inda uban ya tafi ba, rumfar dillalai ya fara zuwa ya tara shaidu. "Kun gani ko? Na ba shi tayil, na ba shi fanka, ya gudu. Sabo turken wawa. Gobe a ce ni ne." Kafin Juma'a ta zagayo, ɗakin Baba ya cika da buhunan siminti, an ce kada ya zauna haka.

A duk Tsamiyar Mangala fili ɗaya ya rage da ba a kafa masa turaku ba, maƙabarta. A bakinta akwai ɗan ɗakin da ake ajiye makara da diga da shebur. Mai unguwa ya ce ya zauna nan, dama ana neman mai sa ido. Ya jera bokitansa daga waje, a jikin katanga ta gabas, inda rana ke yini.

Da kaka ta yi muka yanke kawunan. Yawancinsu ba ido, ka murza sai ƙaiƙayi. Bokiti ɗaya, wanda ya zauna daidai inda labule bai rufe ba, shi ya ba da wani abu. Tsohon ya murza a tafin hannu, ya hura, ya zuba a hularsa. Bai rufe gindin hular ba. Amma fara ce, irin ta ubansa. Ya ƙulle a ƙyalle ya rataya a wuya kamar laya.

Muna zaune sai ga Dallatu a sabuwar mota. Ya tsuguna daga nesa, yana kallon makara ta wutsiyar ido.

"Baba, zaman nan naka zagina ake da shi. Kasuwa ta tsaya mini, duk wanda na ce in kai shi fili sai ya ce in gaida mai gadi. Ka taso. Na samo maka wani gida, wannan har da rufi, saura ƙofofi kawai."

Tun da nake da Nababa ban taɓa ganin ya dubi yaron nan ido da ido ba sai ranar. Ya ce, "Kai yaro, bar ni haka. Duk gidan da ka kai ni, ranar da aka rufe shi ake tashina. Na zagaya garin nan kaf, nan kaɗai na ga in an rufe wa mutum ɗakinsa ba a cewa ya fita."

To, ku masu yanka gonaki, ku ji. Ba sayar da ƙasa ne ya sa na ɗauki alƙalami ba, yunwa ba ƙanwar uwar kowa ba ce, ni ma tawa ta tafi. Abin da na gani shi ne an mai da kunyar uba jari. Ya rufa maka asiri tun kana tsumma, bai kama sunanka ba don ya girmama ka, kai kuma ka samu bakin da ba zai kai ka ƙara ba. Albasa ba ta yi halin ruwa ba. Ku tuna bulo ba ya haihuwa, kuma ɗan da ya ga an kai kakansa kango ya riga ya san hanya. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Dallatu ya miƙe ya karkaɗe gwiwa. Sai dai bai nufi mota kai tsaye ba. Ya bi jikin katangar maƙabarta ta gabas, inda tsohon ya ce zai shuka irinsa baɗi, yana tafe yana buɗe ƙafa, leɓensa na motsi, irin takun da dillali ke yi in yana awon fili.